ANA GAYYA A GONARMU, BA A KIRA MAI GONA BA

 

'Yan uwa masu karatu, tun ranar 20 ga Janairun 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umurnin dakatar da agajin da ƙasarsa ke bayarwa a waje, har aka kai ga rufe hukumar USAID ranar 1 ga Yulin 2025, aka sake tono wata tsohuwar magana ana ta nanata ta a tarurruka. Ingila ma a Fabrairun 2025 ta ba da sanarwar za ta ƙara zaftare nata kason. Maganar kuwa ita ce, wai tun da kuɗi sun yi ƙaranci, to lalle ƙasashe da hukumomi masu ba da agaji su haɗa kai, su daidaita ayyukansu, kada wannan ya maimaita abin da wancan ya riga ya yi. Magana ce mai daɗin ji. Wa zai ƙi haɗin kai? Amma mu da ke ƙasar Funtuwa da Malumfashi muna da dalilin da zai sa mu tsaya mu yi tambaya kafin mu ce amin, domin shekara hamsin ke nan ana gwada wannan abu a bisa gonakinmu. Tambayar ita ce: su haɗa kai a kan me, kuma a hannun wa akalar za ta kasance?

Manomi ya san gayya. Ba a yin ta sai mai gona ya kira. Shi ke faɗin rana, shi ke nuna inda za a fara da inda za a tsaya, shi ya san gefen da ruwa ke kwanciya da gefen da ƙasa ta gaji. In aka wayi gari mutum ya tarar da ƙarti a gonarsa, kowane da fartanyarsa da makaɗinsa, wannan ya ja kunya gabas wancan ya ja kudu, ba wanda ya tambaye shi abin da yake nufin shukawa, sa'an nan da yamma suka miƙo masa takardar bashin aikin da suka yi, ai ba zai kira wannan gayya ba. In kuwa ƙartin nan suka koma gindin tsamiya suka shirya tsakaninsu, suka amince duk su ja kunya gabas, to mai gona bai tsira da kome ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu bakinsu ɗaya a kansa.

Bari mu koma farkon al'amarin, domin da yawa daga cikin matasanmu ba su san cewa a ƙasarmu aka fara shi ba. A ƙarshen 1974 Bankin Duniya ya amince da ba Nijeriya bashi don ayyukan bunƙasa noma guda uku na gwaji, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Funtuwa shi ne babba, bashinsa dala miliyan 29, aka fara shi a 1975, lokacin muna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, aka kammala a 1980. Ya haɗa gundumomi biyar: Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari. Ba za mu zalunci tarihi ba. An yi hanyoyin karkara na ɗaruruwan kilomitoci, an gina madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da manoma, ta yadda mutum zai iya zuwa a keke ya komo. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don a gasa wa yara, ita ce ta zama babbar hajar kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa, kuma wannan aiki yana da hannu babba a ciki. Wanda ya musanta haka bai yi adalci ba.

To amma a duba yadda aka tsara shi. Manyan kujerun gudanarwa Turawa ne a kai, aiki kuma yana da ofishinsa da motocinsa da asusunsa daban, a gefen Ma'aikatar Gona ba a cikinta ba. Aka kasa manoma kashi-kashi: manyan manoma, da waɗanda aka laƙaba wa suna "masu ci gaba", sa'an nan sauran talakawa da aka kira masu noman gargajiya, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Malaman gona suka fi zarya wurin kashi biyu na farko. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi rubutu a kan wannan tun aikin yana gudana, suna nuna cewa mai hali ne ya fi cin moriya.

Batun auduga ya fi kome bayyana abin da muke nufi. Ƙasar nan ƙasar auduga ce tun zamanin kamfanin BCGA, ga masana'antun gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ga gonar iri a Daudawa. Masu aikin suka zo da shawarar cewa a shuka auduga da wuri, ita kaɗai a gona, a yi mata feshi sau da yawa. A takarda lissafin ya fita. Amma manomi ya san cewa farkon damina lokacin hatsi ne, sai ya tabbatar da abin da iyali za su ci kafin ya waiwayi auduga, kuma yana haɗa shuka biyu ko uku a gona ɗaya don in wannan ta ƙi wancan ta yi. Abin mamaki, a Samaru, nan kusa da mu, David Norman da abokan aikinsa sun riga sun nuna da alƙaluma cewa wannan haɗa shuka da manomi ke yi hikima ce, ba jahilci ba ne. Binciken yana nan a ajiye, mai gona yana nan da rai, amma tsari ya riga ya zo a rubuce. Sakamako? Audugar da aka ci buri a kanta ba ta kai inda aka zata ba. Manoma suka ɗebi takin suka zuba wa masara, suka ci riba da hankalinsu.

Akwai wanda ya ga wannan tun da wuri. Da aka zo faɗaɗa aikin ya game Jihar Kaduna baki ɗaya, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda ya hau mulki a 1979, ya ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin, musamman sharaɗin da ya ce a damƙa manyan muƙaman aikin ga ƙwararru 'yan ƙasar waje, a biya su albashi mai tsoka daga cikin bashin da talakan jihar zai biya. Ko mutum yana ra'ayin jam'iyyar PRP ko ba ya yi, dole ya yarda cewa mutumin nan ya yi abin da mai gona ke yi: ya ce a tsaya, gonar da mai ita. Majalisa ta tsige shi a Yunin 1981 bisa rikicin siyasar da ke tsakaninsu, bashin faɗaɗa aikin kuma aka amince da shi a 1984, zamanin soja. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ta gaji ɓangarenmu.

Yanzu sai mu zo ga haɗin kan. Masu cewa matsalar ita ce masu agaji ba su iya haɗa kai ba, sun manta ne ko kuwa suna so mu manta? Sun iya ƙwarai, in abin ya shafe su. A 1985 aka yi muhawara a ƙasar nan kan karɓar bashin IMF, jama'a suka ce ba su so, gwamnatin Janar Babangida ta ce ta ji. A 1986 sai ga shirin SAP, da goyon bayan Bankin Duniya, da amincewar IMF, kuma sai da aka sami wannan amincewa sa'an nan ƙasashen da ke bin mu bashi, waɗanda ke zama a Kulob ɗin Paris, suka yarda su ɗaga mana lokacin biya. Ba a taɓa ganin tsintsiya mai maɗauri ɗaya irin wannan ba. A cikin wannan shekara aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da Hukumar Auduga ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke nan Funtuwa. Ba mu ce hukumar waliyyiya ba ce, domin ta daɗe tana sayen auduga a farashin da bai kai wahalar manomi ba. Amma ita ke raba iri, ita ke tantance daraja a kasuwa, kuma aka kawar da ita dare ɗaya ba tare da an tanadi wanda zai ɗauki waɗannan ayyuka ba. Iri ya gauraye, daraja ta faɗi. Daga baya fasa-ƙwaurin atamfa da rashin wutar lantarki suka ƙarasa masaƙun Kaduna. Shin a wace rumfa aka zauna da manomin Bakori ko na Ƙafur aka ji ta bakinsa kafin a yanke wannan hukunci?

Haka a Nuwamban 1995, bayan gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa, Tarayyar Turai ta dakatar da haɗin gwiwarta na raya ƙasa da Nijeriya, ayyukan da take ɗaukar nauyi a Arewa, har da na yaƙi da hamada, suka tsaya. Ba muna wanke wanda ya yi kisan ba ne. Muna nuni ne da cewa a cikin 'yan kwanaki ƙasashe goma sha biyar suka zama baki ɗaya, kuma wanda ya ji a jikinsa shi ne mai rainon itatuwa a ƙauye, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗaya fuskar ita ce ta warwatsuwa, kuma ita ce jama'a suka fi gani da ido, domin allunanta na ƙarfe suna nan kafe a bakin hanyoyinmu, wasu sun yi tsatsa har rubutun ya goge. Asusun IFAD ya amince da aikin noma da raya karkara na Jihar Katsina a 1990, ya zo da wani daga 2003, ya kuma zo da na sauyin yanayi daga 2015. Sasakawa ta Japan ta shigo Nijeriya a 1992 da gonakinta na gwaji, daga baya ta iso jiharmu. Shirin Fadama na biyu, wanda aka fara a 2004, raba shi aka yi kamar gado: Bankin Duniya ya ɗauki wasu jihohi har da Kaduna, Bankin Raya Afirka ya ɗauki shida har da Katsina. Wato mai noman rani a ƙasar Funtuwa da ɗan uwansa na Giwa, da ke cin kasuwa ɗaya suna auratayya, sunan shirinsu ɗaya amma kowa da mai ba shi bashi da ƙa'idojinsa da ranar da kuɗinsa ke fitowa. Fadama na uku ya biyo baya a 2008 da dala miliyan 250 na Bankin Duniya. A Disamban 2021 Bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ba mu ma shiga na lafiya da na ilimi ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da ofishinsa yake zuwa, da shugabansa, da akantansa, da motocinsa masu tambari a ƙofa. Kowane yana so a kafa masa ƙungiyoyin manoma nasa na kansa, sai ka ga mutum ɗaya sunansa a rajista uku, maƙwabcinsa da ba shi da kowa a sakatariya ba ya cikin ko ɗaya. Kowane yana ɗebe haziƙan ma'aikata daga ma'aikatar gwamnati ya ɗora su bisa alawus, in aiki ya ƙare su komo ofishin da ba ko man babur. Malamin gona, wanda ya kamata a gan shi a gona, yana otal wurin taron bita. Shekara biyar ko shida, a rubuta rahoto da Turanci, a ɗauki hotuna, a nannaɗe tabarma. Famfo ya lalace ba mai gyara, domin a cikin kasafin an sa kuɗin ginawa ba a sa na kula ba. Sai wani sabon baƙo ya zo ya haƙa sabuwar rijiya kusa da matacciyar, ya kafa nasa allo. Allah Ya sawwaƙe.

Su kansu sun san da wannan. A Maris na 2005 suka taru a birnin Paris suka fitar da sanarwa mai ginshiƙai biyar, na farkonsu shi ne ƙasar da ake taimaka wa ita ce za ta riƙe ragama. Aka sake zama a Accra a 2008, aka sake a Busan ta Koriya ta Kudu a 2011. Da ƙungiyar OECD, wadda ita ce inuwarsu, ta auna alkawuran da aka ɗauka za a cika kafin 2010, sai ta tarar cikin goma sha uku ɗaya tak aka cika. A wannan birni na Paris, a wannan shekara ta 2005, aka yi wani zaman a watan Oktoba, inda masu bin Nijeriya bashi suka yafe kimanin dala biliyan 18 bisa sharaɗin ta biya kimanin biliyan 12. Wannan alkawari bai ɗauki shekara biyar ba. Kafin ƙarshen Afrilun 2006 an biya tsaf. Mai karatu ya auna zaman biyu da kansa.

Wani abu kuma da ya wajaba a fayyace shi ne kalmar agaji ita kanta. A rediyo kome "tallafi" ake ce masa. Gaskiya ne akwai kyauta a ciki, kamar yawancin abin da Ingila da Tarayyar Turai ke bayarwa, da wanda Amurka ta riƙa bayarwa. Amma kuɗin Bankin Duniya da na Bankin Raya Afirka da na IFAD, galibinsu bashi ne. Na 1974 bashi ne mai ruwa sosai, na baya-bayan nan kuwa masu sauƙi ne, ruwansu kaɗan lokacinsu mai tsawo, sai dai mu mun san matsayin riba a wurinmu, ƙanƙantarta ba ta sauya mata suna. Gwamnatin Tarayya ke karɓowa ta miƙa wa jiha, in lokacin biya ya yi a zare daga kason jihar tun a Abuja kafin ya iso. Kuma da kuɗin waje ake biya. Lokacin da aka ci bashin Funtuwa naira ta fi dala daraja. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Yaron da ke tallar rake a Ɗanja yau, shi zai biya bashin motar da ta wuce shi ta bule shi da ƙura, kuma ba a taɓa gaya wa ubansa nawa ne ba.

Sa'an nan a dubi abin da ya fi damun manomi a waɗannan shekaru. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disamban 2020, mutane da yawa sun bar manyan gonakinsu na daji saboda 'yan bindiga, wasu sai sun biya kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Mutumin da ke cikin wannan hali, in da an tambaye shi, da ya faɗi abin da za a fara da shi. Amma kowane mai agaji da abin da majalisar ƙasarsa ta ware wa kuɗi yake zuwa, bana sauyin yanayi, baɗi wani abu dabam. Ran da siyasar can ta juya kuma, sai a rufe famfo ba sallama. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoto a Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa, ta kuma ambaci yanke kuɗin agaji cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. Inna lillahi! A jihar da kudancinta ke ɗora wa tireloli masara zuwa kowace kusurwa ta ƙasar nan.

Kada a ce mun bar jaki muna dukan taiki. Baƙo ba ya shiga gona sai an buɗe masa, kuma masu buɗewar namu ne. Akwai jami'an da warwatsuwar nan ta fi yi musu daɗi, domin ofis goma ya fi ofis ɗaya yawan kujeru da motoci da tafiye-tafiye. Akwai 'yan majalisar da ke amincewa da takardar bashi a zama guda ba su karanta ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Da shugabanni na so, da sun yi abin da wasu suka yi. A 2003 Indiya ta sallami yawancin ƙasashen da ke ba gwamnatinta agaji, ta bar shida kawai. In an ce Indiya babba ce, to Ruwanda fa? A 2010 ta zaunar da masu ba ta agaji ta raba musu aiki, ta ce kowane kada ya wuce fanni uku, alhali a lokacin kaso mai yawa na kasafin kuɗinta daga hannunsu yake fitowa. Ba su yi fushi sun tafi ba.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda, bayan hawanta mulki a 2023, ta kafa hukuma ta musamman don daidaita hulɗa da masu ba da tallafi. Mun ji, kuma ba mu raina ba. Amma ba a yawan baƙin da hukuma ta tarba za mu auna ta ba. Muna so mu ga littafi guda, da Hausa, a manne a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin goma sha ɗaya na shiyyar Funtuwa, a kuma karanta shi a gidan rediyon jiha: wane aiki ake yi a wace gunduma, wa ya ba da kuɗin, kyauta ne ko bashi, in bashi ne nawa ne, wace shekara za a fara biya, kuma wa zai riƙe aikin ran da baƙo ya tafi. Wanda zai biya bashi yana da haƙƙin ya san adadinsa, wannan ko a kasuwar ƙauye haka ake yi. Muna so duk mai kawo aikin noma ya bi ta hannun malaman gonar da jiha ke da su, ya ƙarfafa su, ya bar gina tasa daular a gefe. Kada a sake haƙa sabuwar rijiya a garin da ke da matacciya sai an fara tayar da ita. Kuma kafin Majalisar Dokokin jiha ta amince da wani sabon bashin noma, a kawo zaman jin ra'ayi Funtuwa da Malumfashi, da rani bayan an kai amfani gida, a kira manoma na ainihi da masu noman rani da makiyaya da matan da ke sarrafa amfanin gona, ba shugabannin ƙungiyoyin da aka ƙirƙira jiya don cin kwangila ba.

Ku kuma 'yan uwa da ke cikin ƙungiyoyin manoma, duk ran da wata mota mai tambari ta tsaya a ƙofar mai gari aka ce ku kawo sunaye da hotuna, ku karɓi baƙi da mutunci kamar yadda aka san mu, ku ba su ruwa su sha. Kafin kowa ya dangwala yatsa a takarda, dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye su a gaban jama'a ko kuɗin nan kyauta ne ko bashi, a kuma sa wani yaro mai ilimi ya rubuta amsar da sunan wanda ya ba da ita da kwanan wata, a ajiye wurin mai gari.